Harsashi Biyu a Weehawken: Da Hannun Burr Ya Karkace, Me Zai Sauya a Amurka?

Bayan da Alexander Hamilton ya cika, amininsa Nathaniel Pendleton ya sake tsallaka kogin Hudson, ya koma inda Hamilton da Burr suka yi fito-na-fito da bindiga, yana neman inda harsashin abokinsa ya nufa. Sai ya tarar ya huda reshen wata bishiya, sama da ƙafa 12 daga ƙasa, ya kuma kauce da kusan ƙafa 4 daga inda Aaron Burr yake tsaye. Aka sare reshen aka kai shi birnin New York. Shekara 220 da 'yan kai ke nan, amma gardamar da ke rataye a wannan reshe ba ta mutu ba. Ɓangaren Hamilton sun ce bai yi niyyar harbi ba sam, zafin harsashin da ya shige shi ne ya sa yatsansa ya danne kunamar bindiga yana faɗuwa. Ɓangaren Burr suka ce a'a, Hamilton ne ya fara harbi ya kuskure, Burr ya ɗan dakata sannan ya rama. Abin da suka haɗu a kai kawai shi ne an yi harbi biyu, tsakaninsu 'yan daƙiƙoƙi.

Ranar Laraba ce, 11 ga Yuli 1804, wajen ƙarfe bakwai na safe, a wani ɗan fili da ke gindin dutse a Weehawken, jihar New Jersey. Wanda ya yi kisan shi ne Burr, Mataimakin Shugaban Amurka mai ci a lokacin. Wanda aka kashe shi ne Hamilton, mutumin da ya fara riƙe ma'aikatar kuɗin ƙasar, wanda hotonsa ke jikin takardar dala 10 a yau. Taku goma ne tsakaninsu. Da hannun Burr ya karkace da faɗin tafin hannu, ko da bindigarsa ta ƙi tashi kamar yadda bindigogin zamanin masu ƙyastu suka saba, da labarin ya zama wani. Shi ya sa masu son tarihi ba sa gajiya da tambayar "da a ce". Tambaya ce mai amfani in an riƙe ta da gaskiya, domin ita ke tace mana abin da harsashin ya jawo daga abin da zai faru ko ba a harba shi ba.

Irin wannan fito-na-fito al'ada ce da manyan Amurka suka gada daga Turai, kuma tana da ƙa'idojinta. In aka ci maka mutunci, sai ka aika wasiƙa ta hannun amini kana neman bayani ko ban-haƙuri. Aminan ɓangarori biyu su yi ta kai-komo. Galibi a nan maganar ke mutuwa. In ta faskara sai a sa rana, kuma ko a filin ma ba lalle a yi kisa ba: a yi harbi, kowa ya nuna ba ya tsoro, a ce mutunci ya dawo, a watse. Hamilton kansa ya shiga irin wannan taƙaddama kusan sau goma ba tare da ta kai shi ga harbi ba. A 1797 saura ƙiris su fita da James Monroe, wanda kuma ya shiga tsakani ya kashe wutar shi ne Aaron Burr. A 1799 Burr ya tsaya da John Barker Church, mijin yayar matar Hamilton, harsashi ya ratsa rigarsa kawai, suka rabu lafiya. Bindigogin wannan Church ɗin ne aka kai Weehawken. Da yake doka ta hana abin, sai aka sa su cikin akwati, matuƙan kwale-kwale da likita David Hosack suka tsaya a ƙasa inda ba za su ga komai ba, don in an kai su kotu su rantse ba su ga harbi ba. Bayan Hamilton ya faɗi, William Van Ness, wakilin Burr, ya kāre fuskar mutuminsa da lema ya ja shi zuwa bakin ruwa.

Gabar ta daɗe tana dahuwa. A 1791 Burr ya ƙwace kujerar Majalisar Dattawa daga hannun Philip Schuyler, surukin Hamilton. A zaɓen 1800 Burr da Thomas Jefferson suka yi kunnen doki, kowa ƙuri'a 73 ta wakilan masu zaɓe, magana ta koma Majalisar Wakilai, aka kaɗa ƙuri'a sau 36 kafin Jefferson ya haye. Hamilton ba ya ƙaunar Jefferson ko kaɗan, amma ya duƙufa yana rubuta wa 'yan jam'iyyarsa ta Federalist wasiƙu cewa gara Jefferson, domin Burr ba ya son komai sai kansa. Burr ya zama mataimaki, Jefferson ya mayar da shi saniyar ware, ya kuma ajiye shi daga takarar 1804. Sai ya nemi gwamnan New York a watan Afrilu, ya sha kaye hannun Morgan Lewis, ƙuri'a kusan dubu 30 da dubu 22. Ana cikin wannan ne jaridar Albany Register ta buga wasiƙar wani likita, Charles Cooper, wanda ya ce ya ji Hamilton yana kiran Burr mutum mai haɗari, ya ƙara da cewa akwai ma wani ra'ayi mafi ƙyama da Hamilton ya furta a kansa. Bai faɗi ko mene ne ba. A kan wannan kalma ɗaya aka zubar da jini.

Mafi yawan masu hasashe suna fara wa ne da wannan: a ce duka biyun sun kuskure, an koma gida. Wannan ne ma sakamakon da aka fi saba gani a irin wannan karo. Daga nan sai su ɗora Hamilton a kujerar shugaban ƙasa. A nan na rabu da su.

Doka ba ta hana shi ba. An haife shi a tsibirin Nevis na yankin Karebiyan, amma tsarin mulki ya yarda wa duk wanda yake ɗan ƙasa a lokacin da aka amince da shi ya yi takara. Siyasa ce ta riga ta rufe masa ƙofa. A 1797 ya buga ƙasida da hannunsa yana amsa cewa ya yi mu'amala da matar aure, Maria Reynolds, ya kuma biya mijinta kuɗin toshe baki, duk don ya wanke kansa daga zargin taɓa dukiyar gwamnati. A ƙarshen 1799 George Washington, inuwar da yake fakewa a ciki tun zamanin yaƙi, ya rasu. A 1800 ya sake buga wata ƙasida yana caccakar John Adams, shugaban ƙasa na jam'iyyarsa, ana daf da zaɓe, abin da ya raba jam'iyyar gida biyu. A 1802 ya rubuta wa abokinsa Gouverneur Morris cewa kullum yana ƙara ganin wannan duniya ta Amurka ba don shi aka yi ta ba. Jam'iyyar kuma tana ta zaizayewa: a zaɓen 1804 ta sami ƙuri'a 14, Jefferson 162, a 1808 ta sami 47, James Madison 122, a 1816 ta sami 34, Monroe 183. Ƙasar tana faɗaɗa zuwa yamma, talakawan manoma suna ƙara samun damar zaɓe, kuma su ne mutanen da suka fi ƙin Hamilton. Da ya rayu, babban lauya zai ci gaba da zama, mai jarida a hannu (shi ya kafa New York Evening Post a 1801), mai alƙalamin da ake tsoro. Kujerar mulki kam ta leƙo ta koma tun kafin ya hau kwale-kwale.

To alƙalamin fa, me zai iya? Wurin da aka fi kawowa shi ne babban bankin ƙasa da ya kafa a 1791 da lasisin shekara 20. A 1811 maganar sabunta lasisin ta faɗi da ƙuri'a ɗaya a Majalisar Wakilai, 65 da 64. A Majalisar Dattawa aka yi 17 da 17, Mataimakin Shugaba George Clinton, tsohon abokin hamayyar Hamilton a New York, ya raba gardama da ƙin amincewa. Shekara ta zagayo Amurka ta shiga yaƙi da Birtaniya ba ta da bankin da zai nemo mata rance, kafin ƙarshen 1814 baitulmali ya kasa biyan wasu basussukansa, sojojin Birtaniya kuma sun ƙone fadar shugaban ƙasa da ginin majalisa. Ƙuri'a ɗaya a nan, ɗaya a can: ba wuya mutum ya ce da Hamilton na raye da ya juyo su. Amma a duba su wa ke da rinjaye a majalisar. Mutanen Jefferson ne, kuma wanda ke roƙonsu su bar bankin shi ne nasu ministan kuɗi, Albert Gallatin. In Gallatin bai iya shawo kansu ba, muryar Hamilton za ta iya ƙara tunzura su ne, domin sunansa kaɗai ya isa ya tuna musu dalilin da ya sa suka ƙi bankin tun farko. Kuma wahalar yaƙi ta yi aikin da hujja ba ta yi ba. A 1816 Madison, wanda ya yaƙi bankin a 1791, ya sa hannu aka kafa na biyu. A 1819 Kotun Ƙoli ƙarƙashin John Marshall ta tabbatar da halascinsa da kusan irin hujjar da Hamilton ya rubuta wa Washington shekara 28 kafin nan. Ginin da ya yi ya riga ya tsaya da ƙafarsa, har ya fi karɓuwa a wurin maƙiyansa bayan ba ya nan.

Inda nake ganin rashinsa ya yi ciwo na gaske shi ne maganar ɓallewa. Bayan Jefferson ya sayi Louisiana daga Faransa a 1803 kan dala miliyan 15, wasu jiga-jigan Federalist na jihohin arewa maso gabas, irin su Timothy Pickering da Roger Griswold, suka ga cewa kudu da yamma za su danne su har abada. Suka fara ƙulla yadda za su ware su kafa tasu tarayyar, kuma suna bukatar New York, shi ya sa suka sa rai a kan takarar gwamnan Burr. Hamilton ya tsaya tsayin daka ya ƙi. A jajibirin fita filin, 10 ga Yuli, ya zauna ya rubuta wa ɗan jam'iyyarsa Theodore Sedgwick cewa raba ƙasar asara ce tsagwaronta wadda ba ta da abin da za ta fanshe ta. Mutumin da ke iya mutuwa gobe, abin da ke ransa ke nan. Shekara goma bayan haka, ana tsakiyar yaƙi, shugabannin jam'iyyar suka taru a Hartford a asirce daga Disamba 1814 zuwa Janairu 1815. Ba su ayyana ɓallewa ba, masu sassauci ne suka rinjaya, amma kafin wakilansu su gama gabatar da buƙatunsu sai ga labarin nasarar Andrew Jackson a New Orleans da labarin sulhu. Aka shafa wa jam'iyyar kashin kajin cin amana, ba ta sake tashi ba. Hamilton tsohon soja ne da ya jagoranci farmaki a Yorktown a 1781. Yana iya zagin yaƙin Madison da safe ya nemi a ba shi runduna da yamma. Da yana raye, akwai yiwuwar ya hana jam'iyyarsa zuwa Hartford, ko ya ja wani ɓangarenta ya tsira da suna. Wannan ba zai ba su mulki ba, amma zai iya bar wa ƙasar hamayya mai rai a shekarun da ta zauna da jam'iyya ɗaya.

Akwai kuma littafin da bai rubuta ba. Alƙali James Kent, wanda ya kwana a gidansa a 1804, ya ba da labarin cewa Hamilton na shirin wani babban aiki a kan tarihi da ilimin mulki. Mutumin da ya rubuta 51 daga cikin maƙaloli 85 da suka kare tsarin mulkin Amurka, da ya sami shekara ashirin na natsuwa, wannan asara ce da ba a iya aunawa.

Burr fa, da bai yi kisa ba? A nan mutane suna ɗora wa harsashin laifin da ba nasa ba ne kaɗai. Gaskiya ne kisan ya jawo masa tuhumar kisan kai a New Jersey da wata tuhumar a New York, ya gudu kudu har tsibirin St. Simons a Georgia kafin ya dawo Washington ya ƙarasa wa'adinsa. Amma tun kafin 11 ga Yuli ruwa ya ƙare wa ɗan kada: jam'iyyarsa ta yar da shi, jiharsa ta ƙi shi, bashi ya yi masa katutu. Janar James Wilkinson, shugaban sojojin Amurka wanda a ɓoye yake karɓar albashi daga Sifaniya, ya ziyarce shi tun watan Mayu, kafin a fara musayar wasiƙu da Hamilton. A watan Agusta jakadan Birtaniya Anthony Merry ya riga ya aika wa Landan cewa Burr na tayin taimakawa a raba yammacin Amurka daga gabashinta. Idonsa na kan yamma tun da wuri. Abin da kisan ya yi shi ne ya toshe masa hanyar dawowa. Da sun rabu lafiya, da yana da ofishin lauya a New York da zai koma, da kuma ɗan guntun mutunci na wanda ya tsaya ya kare sunansa. Mai wurin komawa ba ya zuba duk abin da ya mallaka a caca ɗaya.

Kuma ba kisa a fito-na-fito ne ke kashe siyasar mutum kai tsaye a wancan zamani ba. A 1806 Andrew Jackson ya kashe Charles Dickinson a irin wannan karo, bayan shi ma ya sha harsashi a ƙirji, kuma a 1828 aka zaɓe shi shugaban ƙasa. Bambancin shi ne Jackson na da yanki da jama'a da suka tsaya masa, Burr kuwa ya kashe sanannen mutum a ƙofar birnin da ya fi ƙaunarsa, a lokacin da ba shi da kowa. A arewa limaman coci sun ɗauki mutuwar Hamilton suna wa'azi a kan al'adar har ta dusashe. A kudu ta ci gaba gomman shekaru, sai a 1839, bayan wani ɗan majalisa ya kashe takwaransa Jonathan Cilley, aka haramta ta a babban birnin ƙasar.

Yanzu a juya bindigar. A ce Hamilton, wanda ya tsayar da komai ya sa tabarau ya gwada saiti a hasken safiya, ya harbi Burr ya kashe shi.

Gwamnati ba za ta girgiza ba. A lokacin babu hanyar cike gurbin mataimakin shugaba, kujerar za ta zauna babu kowa har Maris 1805, kamar yadda ta zauna bayan rasuwar Clinton a 1812. Amma sunaye za su yi musayar wuri. Hamilton, wanda maƙiyansa suka daɗe suna kira mai son sarauta da mulkin soja, zai zama mutumin da ya kashe zaɓaɓɓen mataimakin shugaban ƙasa, kusan shekara uku bayan ɗansa ya mutu a irin wannan fili. Jana'izar da aka yi masa ranar 14 ga Yuli, shaguna a rufe, jiragen yaƙi na harba igwa, ana jan dokinsa ba mahayi da takalmansa a juye cikin likkafa, da ba a yi ta ba. Burr kuwa da an tuna da shi a matsayin jarumin da ya bi rundunar da ta kai hari Quebec a 1775, gwanin da ya ciyo wa Jefferson New York a 1800, uban da ya koya wa 'yarsa Theodosia Latin da Girkanci a zamanin da ba a damu da karatun mata ba. Mutuwa da wuri ta wanke ɗaya, tsawon rai ya tona ɗayan, kuma da an sauya wanda ya faɗi da wankin ya sauya.

Abin da ya fi wannan nauyi a wurina shi ne shari'ar da ba za a yi ba. Bayan ya bar ofis, Burr ya yi ta yawo a yamma yana tara mutane da kwale-kwale, cibiyarsa tsibirin Harman Blennerhassett a kogin Ohio. Har yau ana muhawara ko Meziko ta Sifaniya yake son ci, ko jihohin yamma yake son ɓallewa da su, ko yana gaya wa kowa abin da yake son ji ne. Wilkinson ya tsorata ya tona shi. A Janairu 1807 Jefferson ya gaya wa majalisa cewa laifin Burr ba shi da shakka, tun ba a gurfanar da shi ba. Aka kama shi a Fabrairu, aka kai shi Richmond gaban Alƙalin Alƙalai John Marshall kan cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa rataya ne. Shugaban ƙasa na son kansa, jama'a na son kansa, kuma mutum ne da ba wanda zai yi wa kuka. Marshall ya riƙe harafin tsarin mulki: cin amana shi ne ɗaukar makami a kan ƙasa, kuma sai shaidu biyu sun ga aikin a fili. Ƙulle-ƙulle da mugun nufi ba su isa ba. Burr ba ya tsibirin a daren da aka ce an tara mutane da makamai a can, don haka ranar 1 ga Satumba 1807 aka sallame shi. A cikin shari'ar kuma Marshall ya aika wa Jefferson sammacin ya kawo takardun da Burr ke bukata don kare kansa, yana nuna cewa shugaban ƙasa ba sarki ba ne. A 1974, da Kotun Ƙoli ta tilasta wa Shugaba Richard Nixon miƙa faya-fayen badaƙalar Watergate, wannan shari'a ta Burr na cikin abin da ta dogara da shi.

Ke nan da harsashin Hamilton ya sauko ƙafa bakwai ya matso ƙafa huɗu, da Amurka ta rasa shari'ar da ta ɗaure hannun gwamnati daga rataye abokan hamayya da sunan cin amana. Wata rana wata shari'ar za ta zo, amma ba lalle ta zo da wuri haka ba, gaban alƙali irin Marshall, a kan mutumin da ƙinsa ya sa gwajin ya zama na gaske. Hukuncin da aka kafa a kan wanda kowa ya tsana ya fi wanda aka kafa a kan ɗan gata ƙarfi. Wannan ne sauyi mafi girma da nake iya nunawa da yatsa a duk hasashen, kuma bai shafi wa zai hau mulki ba.

Duk da haka, mararrabar gaskiya tana cikin watan Yuni, a kan takarda. Ranar 18 ga wata Burr ya aika yana neman Hamilton ya amsa ko ya musanta maganar Cooper. Hanya a buɗe take: ya ce bai tuna ya faɗi abin da ya taɓa mutuncin Burr a wannan zama ba, shi ke nan. Maimakon haka, ranar 20 ya mayar da amsa irin ta lauya, yana feɗe kalmar, yana cewa tana da launi iri-iri daga mai haske zuwa mai duhu, ta yaya zai san wanne ake nufi, ya rufe da cewa in Burr bai gamsu ba a shirye yake ya ɗauki abin da zai biyo baya. Burr ya ji an raina shi. Kafin Pendleton ya kawo tayin cewa maganar ta siyasa ce kawai ba ta halin mutum ba, Burr ya riga ya faɗaɗa buƙatarsa: a janye duk wata mummunar magana da Hamilton ya taɓa yi a kansa. Wannan kuwa Hamilton ba zai iya ba, domin ya faɗi da yawa cikin shekara goma da 'yan kai, kuma ya yarda da mafi yawansu. Ranar 27 aka aika ƙalubale. Ranar 4 ga Yuli suka zauna a walima ɗaya ta tsofaffin hafsoshi, Hamilton har da rera waƙa, ba wanda ya san an sa rana.

A takardar da ya bari ya ce addininsa da lamirinsa sun ƙi wannan al'ada, yana da mata da 'ya'ya da masu binsa bashi, ba ya kuma riƙe Burr da ƙiyayya ta kai da kai. Ya ce ya yanke shawarar zubar da harbinsa na farko. Dalilin da ya bayar na fita shi ne, in ya ƙi, jama'a ba za su sake sauraronsa ba a ranar da ƙasar za ta bukace shi. Ina ganin ya yi kuskure a lissafin nan, kuma kuskuren yana da ban tausayi domin da gaske yake. Burr bai san da wannan takarda ba. Abin da ya gani shi ne mutum ya sa tabarau ya ɗaga bindiga.

A duk waɗannan hanyoyi, wuri ɗaya ne babu gardama a kan abin da zai sauya. A Nuwamba 1801 babban ɗansa Philip, mai shekara 19, ya mutu a fito-na-fito yana kare sunan ubansa, kuma an ce uban ne ya ba shi shawarar kada ya harbi abokin karawarsa. Ƙanwarsa Angelica ta sami taɓin hankali daga wannan rashi, ba ta warke ba har ta mutu. Wannan gidan ne Hamilton ya bari da asuba. Harsashin Burr ya shiga ta saman ƙugunsa na dama, ya karya haƙarƙari, ya ratsa hanta, ya tsaya a ƙashin baya. Aka tsallako da shi gidan William Bayard, ya yi sa'a 31 yana jinya. Bishop Benjamin Moore ya fara ƙin ba shi Jibin Ubangiji, ibadar gurasa da ruwan inabi ta Kiristoci, saboda yadda ya sami raunin, sai da ya ce ya tuba ya kuma yafe wa Burr. Matarsa Eliza ta jera masa 'ya'yansu bakwai a bakin gado, ƙaraminsu ɗan shekara 2. Likita Hosack ya ce ya buɗe ido ya dube su sau ɗaya, ya rufe, bai sake buɗewa ba sai da aka fitar da su. Ya rasu ranar 12 ga Yuli da misalin ƙarfe biyu na rana, da bashin da sai da abokansa suka yi karo-karo a asirce kafin iyalin su riƙe gidansu. Burr ya rayu har 1836. Eliza ta taimaka aka kafa gidan marayu a New York a 1806, ta yi shekara 50 tana tattara takardun mijinta don a rubuta tarihinsa, ta rasu a 1854 tana da shekara 97.